Mayaƙan Sama Na Nijeriya: Ƙarfi Da Amana

Da yawa daga cikinmu mun saba jin rugugin jiragen soja a Kaduna, ko Makurɗi, ko Maiduguri. Amma kaɗan ne suka san yadda rundunar nan ta soma.

Sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, ba ta da mayaƙan sama. Da aka aika sojojinmu Kwango don kiyaye zaman lafiya, jiragen waɗansu ƙasashe ne suka kai su. Wannan ya sa shugabanni suka yi tunani. A 1962 aka tura samari ƙasar Habasha su koyi tuƙin jirgi. A watan Afrilu 1964 aka kafa rundunar bisa doka. Jamus ta Yamma ce ta ba da malamai, har shugaban farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Sai a 1966 ɗan ƙasa, George Kurubo, ya karɓi shugabanci.

Rundunar tana jaririya yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Aka samo jiragen MiG daga Rasha cikin gaggawa, aka ɗauko matuƙa daga Masar. Jiragen sun taimaki gwamnati, amma bama-bamai sun faɗa kan kasuwanni da asibitoci a Gabas, mata da yara suka hallaka.

Bayan yaƙi aikin ya yalwata. Manyan jiragen Hercules suka riƙa ɗaukar sojoji da kaya. Daga 1990 rundunar ta yi aiki a Laberiya, daga baya kuma a Saliyo. A 2011 Blessing Liman, 'yar Jihar Kaduna, ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin soja a ƙasar. A 2021 aka karɓi jiragen Super Tucano 12 daga Amurka don yaƙi da Boko Haram.

Matuƙan nan suna sa ransu a hannu saboda mu, da yawa kuwa ba su komo gida ba. Ya kamata mu girmama su, mu kula da iyalan da suka bari.

Duk da haka kada mu manta da Rann a Jihar Borno. Ran 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira, mutum fiye da 100 suka mutu. Daga sama, taron 'yan bindiga da taron masu jiran abinci suna iya yin kama. Bam kuwa in ya bar jirgi ba ya komowa.

Saboda haka in 'ya'yanmu suka ce za su shiga aikin nan, mu koya musu tun a gida cewa ran ɗan Adam yana da tsada. Jirgi amana ce. Na ƙasa ne aka ba su su tsare.