Tambayoyi Takwas da Suka Zaga Duniya

A shekarar 2008, Farfesa Donald Morisky na Jami'ar California da ke Los Angeles, tare da abokan aikinsa, suka wallafa wasu tambayoyi takwas a mujallar Journal of Clinical Hypertension. So suke likita ya iya gane ko majinyaci yana shan maganinsa yadda aka rubuta masa. Kakan manta? In ka ji sauƙi, kakan daina? In tafiya ta kama ka, kakan bar shi a gida? Sun gwada su a kan masu hawan jini 1,367, suka ce ƙarfinsu na gano wanda hawan jininsa bai daidaita ba ya kai kashi 93 cikin ɗari.

Nan da nan masu binciken ciwon suga suka rungume su, domin ba sa cin lokaci, ba sa buƙatar ɗibar jini. Aka fassara su zuwa harsuna da dama. Sai dai da aka gwada fassarar a kan masu ciwon suga a Tailan a 2009, ma'aunin da ke nuna ko tambayoyin sun yi baki ɗaya ya tsaya a 0.61. A Malesiya, shekara guda bayan haka, bai kai 0.7 ɗin da masana ke nema ba. Na asali kuwa 0.83 aka ce ya samu. Duk mai kallon wannan giɓi zai fara zargin mai fassara ne, ko al'adar mutanen, da kunyar da ke hana majinyaci ce wa likita "ban sha ba". Zargin yana da tushe, amma ba a nan kaɗai matsalar take ba.

Ana cikin haka rigimar kuɗi ta kunno kai. A 2017 mujallar Science ta ruwaito yadda ake bin masu binciken da suka yi amfani da tambayoyin ba izini, a ce su biya ko su janye aikinsu. Wasu sun janye.

Daga baya wani masani a Ostareliya, Michael Ortiz, ya zauna ya sake lissafa alƙaluman asali, ya ga ba su haɗu ba, ya kai ƙorafi. Mujallar da ta wallafa tambayoyin ta sa masanin ƙididdiga mai zaman kansa ya duba, ya tarar sakamakon yana ɓatar da mai karatu. A 2023 aka janye maƙalar da ta zo da tambayoyin, shekara 15 bayan fitowarta, alhali tuni an auna ɗimbin masu ciwon suga da su a nahiyoyi daban-daban.