Tsatsar ƙasan mota: gyaran da ba ya son gaggawa

Duk mai bin kasuwannin ƙauye tsakanin Maraɗi, Damagaram da Tawa ya san tsohuwar Peugeot 504, wadda muke kira fijo. A 1968 ta fito a Faransa, ta ci lambar motar shekara ta Turai a 1969, kuma masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta yi ta haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Waɗanda suka rage a kan hanya yau sun tsufa, kuma sau da yawa ƙasansu, inda muke aza ƙafa da kaya, kan riga injin lalacewa.

Ƙarfen wurin bai cika wuce kaurin milimita 1 ba. Ruwan damina yana shiga ta robar ƙofa, ya kwanta ƙarƙashin shimfiɗa, ya yi kwanaki bai bushe ba. Mu ma ƴan kasuwa muna da namu laifi. Buhun gishiri, kanwa, takin zamani, ruwan ƙanƙara da fitsarin awaki duk suna gaggauta tsatsa, domin gishiri da laima in suka haɗu, ƙarfe ba ya jimrewa.

Wani zai ce ai ɗan rami ne, a toshe da kwali. To, a cikin 504 mai kujeru, ƙasan yana cikin abin da ke riƙe da gangar motar baki ɗaya. A nan aka ɗaure kujeru, kuma ta ƙarƙashinsa bututun birki da na mai suke bi. Ta ramin ne hayaƙin salansa ke shigowa, a cikinsa kuwa akwai iska mai guba wadda ba ta da wari. Uwar da ta sauka da ciwon kai, ko jaririnta ya galabaita a hanya, sai ta ɗora laifin a kan zafin rana.

Gyaran kirki yana da tsari. Mai walda zai fitar da kujeru da shimfiɗa, ya cire batir, ya kauda bututun mai daga inda wuta za ta kai. Sai ya bi ƙasan da guduma yana ƙwanƙwasawa, ya yanke ruɓaɓɓen wurin har ya iske ƙarfe mai haske. Da kwali ake ɗaukar awon ramin, a yanko sabon ƙarfe mai kauri ɗaya da na asali, a buga masa layuka irin na da domin ya yi ƙarfi. Ɗigo-ɗigo ake yin waldar, nan kaɗan, can kaɗan, saboda zafi mai yawa a wuri guda yana lanƙwasa ƙarfen. Daga nan a goge, a shafa jan fentin hana tsatsa ciki da waje, a toshe bakin haɗin don kada ruwa ya samu hanya.

Aikin da ya kamata mu ƙi shi ne na ɗora faci a kan tsatsa. Laima tana maƙalewa tsakanin ƙarfen biyu, ruɓa ta ci gaba a ɓoye. Kwanon rufin ɗaki ma bai dace ba: ya yi siriri, kuma hayaƙinsa lokacin walda yana sa mai aikin zazzaɓi. Araha ba ta ado. Jikar da aka rage a gareji za a biya ta ninki idan mota ta kwana a daji da tumatir a ciki.

Saboda haka muna kira ga masu motoci da su ɗaga shimfiɗa su duba kafin ruwan farko. Mu kuma masu kaya, mu shimfiɗa leda mai kauri ƙarƙashin gishiri da kanwa. Idan kin shiga mota kin hangi kwalta ta ƙarƙashin ƙafarki, Hajiya, ki faɗa wa direba, ki nemi wata. Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya maido mu gida lafiya.