Lissafin shekara: ƙidayar malam-buɗe-littafi a gona da garka

Kaka ta wuce. An yi girbi, an ɗaure hatsi, an zuba a rumbu. Yanzu kowane magidanci a Damargu yana lissafi: dami nawa aka samu bana, dami nawa aka samu bara. To, akwai wani lissafi kuma da ya kamata gari ya yi sau ɗaya a shekara. Shi ne lissafin malam-buɗe-littafi. Wani zai yi dariya, ya ce wannan wasan yara ne. Ba wasa ba ne. Tsutsar da ke cin zangarniya ɗiyar malam-buɗe-littafi ce. Wanda ya ƙidaya uwar, ya san ranar da ɗiyan za su faɗa wa gonarsa.

Daga ƙwai zuwa tsutsa

Malam-buɗe-littafi iri biyu ne: na rana da na dare. Na rana yana da launi mai kyau, kowa ya san shi. Na dare launinsa toka-toka ne ko ƙasa-ƙasa. Shi ne ke zuwa wurin fitila da dare.

Dukansu hawa huɗu suke yi a rayuwarsu. Na farko, ƙwai. Na biyu, tsutsa. Na uku, tsutsar ta dunƙule cikin ɓawo, ta kwanta ba ci ba sha. Na huɗu, ɓawon ya tsage, malam-buɗe-littafi ya fito da fukafukai. Mai fukafukai ba ya cin hatsi. Aikinsa ƙwai ne. Tsutsa ita ce mai ɓarna.

Murzuna

Babbar abokiyar gabar hatsi cikinsu ita ce murzuna. Ɓarnarta ta yi tsanani a ƙasashen Sahel bayan babban farin 1972 zuwa 1974. Tun daga nan manoma ke fama da ita.

Uwar murzuna ƙarama ce. Fukafukanta ja-ja ne da ɗigo-ɗigon fari. Tana fitowa daga cikin ƙasa kamar wata guda bayan ruwan shibka. Da dare take tashi. Tana neman zangarniyar da ta fito sabuwa, ta zuba ƙwai a kanta. Uwa guda tana iya zuba ƙwai har 400. Bayan kwana 3 zuwa 5 sai ƙwai ya ƙyanƙyashe. Tsutsar tana shiga ƙarƙashin furen zangarniya, tana yanke shi, tana kewayawa. Shi ya sa ake ganin hanya a murɗe jikin zangarniya, babu tsaba a wurin.

Tsutsar tana ci kamar wata guda. Sannan ta sauka, ta shiga ƙasa, zurfin taƙi guda ko ƙasa da haka. Can take kwanciya duk tsawon rani, tana jiran damana mai zuwa. Ke nan sau ɗaya murzuna ke fitowa a shekara. A shekarar da ta yi yawa, manomi yana iya rasa fiye da rabin hatsinsa.

A ƙasar Tanut da Belbeji ruwa ba shi da yawa, damana kuma gajera ce. Idan murzuna ta cinye zangarniya, babu lokacin sake shibka.

Sauran na dare

Akwai tsutsar kara. Ita tana huda karan hatsi, tsakiyar shibka ta bushe. Da rani tana kwance cikin busasshen kara: na darni, na rumbu, da wanda aka tara don dabbobi. Uwarta tana fitowa sau biyu ko uku a damana guda.

Akwai tsutsar wake. Tana cin fure, tana huda kwanson wake.

Masu garka a bakin tabki da kwarin Tarka su ma suna da nasu. Akwai ta kabeji, mai huda ganye. Akwai ta zogale, mai cinye ganye ta bar itace tsirara. Akwai baƙi guda biyu. Ta tumatir asalinta Amurka ta Kudu ne. An fara ganinta a Nijar a 2013, kusa da Yamai. A 2016 ta halaka tumatir mai yawa a Kano. Ta masara ita ma daga Amurka ta zo. Ta shigo Afirka ta Yamma a 2016, kuma tana taɓa dawa. Garin da ke duba tarkonsa, shi ke fara lura idan baƙo irin wannan ya iso.

Na rana

Yawancin na rana ba su da laifi ga manomi. Suna shan ruwan fure, suna kai garin fure daga wannan zuwa wancan. Fari mai baƙin baki-baki yana zuba ƙwai a kan anza da jiga. Ja mai baƙin gefe da ɗigon fari yana zuba nasa a kan tumfafiya. Jikinsa yana da dafin tumfafiya, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyale shi. Babba, baƙi mai ɗigon rawaya, shi ne na itacen lemu. Tsutsarsa tana cin ganyen ƙananan dashe, amma ana iya tsince ta da hannu.

Akwai wani kuma matafiyi. A ƙarshen damana yana tasowa daga Turai, ya ƙetare teku, ya ƙetare Sahara, ya sauka a ƙasashen Sahel ya yi ƙwai. Masana sun gano cewa guda yana iya tafiyar kilomita 4000. Jikokinsa su ke komawa arewa.

Su ma na rana a ƙidaya su. Inda anza da jiga da ciyawa suka ƙare, su ma sukan ƙare. Inda aka yi feshin magani ba kan gado, sukan ragu. Ƙidayarsu tana nuna lafiyar dajin gari.

Yadda ake ƙidaya

Kayan aikin ba su da tsada: fitila mai hasken rana ko tocila, kwano mai faɗi, ruwa, ɗan sabulu, kaye da abin rubutu.

1. A zaɓi wuri guda a bakin gona, nesa da gidaje. Kada a sake wurin har ƙarshen damana.

2. A zuba ruwa a kwano, a sa sabulu kaɗan. A rataye fitila bisa kwanon.

3. A kunna bayan magariba. A kashe a lokaci guda kowane dare.

4. Da safe a tsame ƙwarin da tsinke. Kada a taɓa da hannu, don hangara ma tana zuwa wurin haske, kuma tana ƙona fata.

5. A ware su iri-iri. A rubuta kwanan wata, da iri, da yawansu. Ko ba a kama kome ba, a rubuta 0. Shi ma labari ne.

6. A rubuta ko an yi ruwa, ko iska, ko farin wata. Daren farin wata ba su cika zuwa wurin fitila ba.

A fara sati uku bayan ruwan shibka. Dare biyu a sati sun isa. Idan hatsi ya yi ciki, sai a riƙa kunnawa kullum har ya gama bununi. Irin da ba a gane ba, a busar da shi cikin kwalin ashana, a kai wa malamin gona ya faɗi sunansa.

Na rana ba a kama su. Mutum ya zauna a garka ko bakin gona da hantsi, sau ɗaya a sati, minti 15. Ya ƙidaya abin da ya gani, ya rubuta. Yara da mata suna iya wannan aiki.

Kafin girbi akwai ƙidaya ta uku. A ratsa gona daga wannan kusurwa zuwa waccan. A duba zangarniya 100, ba tare da zaɓe ba. A ƙidaya masu hanyar murzuna. Misali, idan an samu 30, sai a rubuta 30 cikin 100.

Amfanin sanin rana

Feshin magani ba ya cika kashe murzuna, don tana ɓoye ƙarƙashin fure. Ga tsada, ga haɗari ga mutane da dabbobi. Amma murzuna tana da maƙiyi. Wani ɗan ƙwaro ne dangin zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Masana suna ce masa Habrobracon hebetor. Ba ya harbin mutum, ba ya cin hatsi. Macen tana harbin tsutsa ta sandare, ta zuba ƙwai a jikinta. Ɗiyanta su cinye tsutsar.

Wannan ƙwaro yana nan cikin daji tun da can. Matsalarsa guda: yakan yi yawa a makare, bayan ɓarna ta auku. Don haka, tun 2006, masanan INRAN a Maradi da abokan aikinsu na Mali da Burkina Faso suka shiga kiwonsa suna kai wa manoma. Cibiyar ICRISAT ta Sadore da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi su ma sun yi aiki a kai. Ana sa shi cikin ƴan buhunan algarara. Kowane buhu yana da hatsi kaɗan, da tsutsotsi 25 na abincinsa, da mata biyu na ƙwaron. Buhu 15 ake ba gari guda, a rataya su a gonakin gabas, yamma, gusum, arewa da tsakiya. Bayan kamar kwana 8 sabbin ƙwari su fara fitowa, su bazu cikin gonaki. A garuruwan da aka gwada, tsutsotsi masu yawa sun mutu.

Amma buhu yana da lokacinsa. Idan an rataya da wuri ƙwarai, ƙwaron ba zai tarar da tsutsa ba. Idan an makara, aikin gama ya gama. Lokacinsa shi ne sa'ad da hatsi ke fidda kai, uwayen murzuna kuma sun yi yawa a tarko. Garin da ke da kaye yana iya aika wa ma'aikatar gona ta Tanut ko ta Belbeji labari da lamba da kwanan wata. Malamin gona ya fi saurin aiki da irin wannan labari bisa ga "tsutsa ta yi yawa". Inda aka rataya buhu, kada a yi feshi, don maganin yana kashe ƙwaron.

Taron ƙarshen shekara

Bayan girbi, masu karatu a makarantar yaƙi da jahilci su sa rana. A gayyaci mai gari, da sarkin noma, da mata masu garka. A buɗe kaye, a karanta da ƙarfi kowa ya ji. A amsa tambayoyi shida:

1. Wace rana aka yi ruwan shibka?

2. Wace rana aka fara ganin uwar murzuna?

3. Wane sati ta fi yawa?

4. A satin nan, hatsin wa ke fidda kai?

5. Zangarniya nawa cikin 100 ta ci a kowace gona?

6. An ga wani baƙon iri? Akwai irin da aka saba gani, bana ba a gan shi ba?

A rubuta amsoshin a shafi guda, a sa shekara a sama. A bar kayen wurin malamin makaranta, inda gara ba za ta ci shi ba. A kwafi shafin a kai wa malamin gona.

Daga nan sai shawara. Gonar da murzuna ta fi ci, nan tsutsa ta fi kwanciya: a fara sa ido a kanta baɗi. Karan da tsutsa ta huda, a shanya shi a ƙasa rana ta buge shi, a ba dabbobi shi kafin ruwa ya sauka. Idan hali ya yi, mutanen gari su yi shibka lokaci guda. Gonar da ta fidda kai ita kaɗai, a kanta uwayen murzuna ke taruwa.

Lissafin shekara guda ba ya faɗin kome da yawa. Sai an jera na shekara uku, ko biyar, sannan gari zai gane kwana nawa ke tsakanin ruwan shibka da fitowar murzuna a ƙasarsa. Na Gangara ba lalle ya zama daidai da na Tarka ba, ko na Bakin Birji, ko na Tenhiya. Ruwan kowa daban, ƙasar kowa daban.

A wasu ƙasashe ma haka ake yi

A Ingila, tun 1976 ake ƙidayar malam-buɗe-littafi kowane sati a wurare sanannu. Tun 2010 kuma jama'a da kansu ke zama minti 15 a garkar gidansu suna ƙidaya. A ƙarshe a haɗa lissafin kowa, a fidda na shekara. Da haka suka gane cewa a 2024 sun ragu fiye da kowace shekara tun da aka fara. Yawancin masu ƙidayar nan ba masana ba ne. Mutane ne da suka iya karatu da rubutu, suka daure.

Manoman Damargu sun fi su bukata, don su cimakarsu ce ke cikin maganar. Rigakafi ya fi magani. Kowane gari ya samu kaye guda, fitila guda, da mutum biyu masu rubutu. A tanadi kayan tun da rani, kafin hadari ya taso.