Gyatsar Jariri a Ɗakin Jego

A ƙasar Hausa, idan jariri ya ɓarke da kuka tsakanin magariba da lisha, yana naɗe ƙafafu yana miƙa, alhali kuwa ya sha nono ya ƙoshi, ba mai jego ce ke fara kai masa hannu ba, musamman in ɗan fari ne, domin alkunya ta ɗaure ta, kakarsa ce za ta ce, "Miƙo mini angon nan nawa, ke ina kika iya." Sai ta kifa shi bisa cinyoyinta, ta yi bisimilla, ta dinga bubbuga bayansa da tafin hannu sannu-sannu, tana yi masa tsiya irin ta jika da kaka, har gyatsa ta fito, ɗaki ya ɗauki hamdala.

In abin ya ƙi, sai a jawo kaskon wuta. Har yau ina tuna yadda kakata takan lakato man kaɗanya, ta kara hannunta a garwashi, ta gwada zafinsa a kumatunta tukuna, kana ta dafa cikin yaron tana murzawa kewaye da cibi, ba gaggawa, ba ta ko katse hirarta. Tsofaffi sun tafi a kan cewa cibiya ce ke murɗa, ita ake gasawa. Likitoci kuwa suka ce iska ce yaro ke haɗiya wajen tsotso da wajen kuka. Ni a nazarina saɓanin na lafazi ne, tun da ɗumin nan da murzar nan su ne ke saukar da iskar ko da wane suna aka kira ta. Tumbiɗi kuwa ba ya tayar wa kowa hankali, cewa ake yi alamar ƙiba ce.

Ɗauri, wato jiƙon saiwoyi da ake ɗura wa jarirai, shi ne ma'aikatan asibiti suka hana, suka ce nonon uwa zalla har wata 6, kuma lalle da hujjarsu, ko da yake tsofaffi sun karɓi hukuncin da ƙunƙuni. Abin da nake takaici shi ne yadda 'yan matan birni, waɗanda ba sa zuwa wankan gida su cika arba'in a gaban iyaye, suke rugawa kantin magani neman ruwan kwalba, ga majanyi rataye a ƙofa, alhali goyo kaɗai, ciki manne da bayan uwa tana kai da komo a tsakar gida, yakan fitar da iskar kafin a sauke tuwo.