Ina Birnin Kib Yake? Hasashen Masu Karatu a Kan Duniyar Ƙagaggun Labaran Jarumtaka na Hausa

Tsakure

Masu karanta ƙagaggun labaran jarumtaka na Hausa ba sa tsayawa a inda marubuci ya ajiye alƙalami. Sukan ci gaba da muhawara a kan inda ƙasashen labari suke, da gaskiyar mai ba da labarin, da fifikon wani jarumi a kan wani. Wannan maƙala ta kira al'adar da sunan hasashen masu karatu, ta kuma bayyana yadda take tsirowa daga giɓin da ke cikin matani. An yi misali da Ganɗoki da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Maƙalar ta nuna cewa hasashen yana da ƙa'idojinsa, kuma yana haska wani abu da binciken tushen labari bai isa ya haska ba, wato yadda labarin aro yake zama ɗan gida.

Fitilun Kalmomi: hasashe, giɓi, jarumtaka, duniyar labari, tarke

1.0 Gabatarwa

Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East ita ce ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a rubutun boko. Biyu daga cikin littattafai biyar da aka buga, wato Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara da Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam, sun fito ne daga alƙaluman malamai masu koyarwa a Katsina. Bayan su Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, sannan a shekarun 1950 aka sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, marubucin da ke ɗauke da sunan garin da ke maƙwabtaka da Kankiya da Kusada. Ke nan ƙasar Katsina tana da babban rabo a gina duniyar jarumai da aljannu da sarakunan gabas da ɗaliban Hausa suka tashi a cikinta.

Manazarta sun yi aiki mai yawa a kan jigo da salo da tushen waɗannan littattafai. Abin da bai sami irin wannan kulawa ba shi ne maganar da masu karatu ke yi a tsakaninsu bayan sun rufe littafi, a ɗakin kwanan ɗalibai, da majalisar bakin titi, da zaurukan Facebook da WhatsApp. Sau da yawa ana ɗaukar ta hirar kashe lokaci, alhali a cikinta ne ake iya ganin abin da littafi ya zama a zukatan waɗanda aka rubuta shi domin su.

2.0 Ma'anar Hasashe da Mafarinsa

Hasashen masu karatu shi ne bayanin da mai karatu yake ginawa domin cike abin da matani ya bari a buɗe, tare da dogaro da hujjar da ke cikin matanin. Ya bambanta da sharhi, domin mai sharhi yana auna kyawun rubutu ne daga waje, shi kuwa mai hasashe yakan shiga duniyar labarin ya yi magana kamar tana nan, yana tambayar abin da ya faru a daren da marubuci ya tsallake.

Masanin adabi Bajamushe Wolfgang Iser ya yi bayani a shekarun 1970 cewa kowane matani yana ɗauke da giɓi, kuma ma'ana ba ta cika sai mai karatu ya cike shi. Henry Jenkins kuma, a littafinsa na 1992, ya nuna cewa masoyan labari sukan yi wannan aiki ne a ƙungiyance, wani ya kawo hujja, wani ya rushe ta. Fitaccen misali a duniya shi ne jerin littattafan George R. R. Martin na Amurka, waɗanda na farkonsu ya fito a 1996. Masu karatu sun tattara alamomi daga mafarkai da maganganun da aka yanke, suka yi kintacen cewa Jon Snow ɗan Lyanna Stark ne da Rhaegar Targaryen, saɓanin abin da aka faɗa a zahirin labari. Sai bayan kimanin shekara ashirin fim ɗin talbijin da aka gina a kan littattafan ya tabbatar da haka. Darasin da ke nan shi ne hasashe mai ƙarfi karatu ne na ƙwaƙƙwafi.

3.0 Nau'o'in Hasashe a Labaran Hausa

3.1 Hasashen Wuri

Marubutan farko sun saba haɗa garuruwan da aka sani da waɗanda babu su a taswira. A Ruwan Bagaja labari ya tashi daga Kwantagora, ya ratsa Tambutu, ya ƙare a duniyar aljannu. Tun da rabin hanyar na gaske ne, mai karatu yakan ji yana da ikon neman sauran rabin. Ga shi kuma sunan ruwan ya girmi littafin, domin akwai tatsuniyar 'yar bora da aka aika wanki Ruwan Bagaja. Daga nan tambaya ke tasowa: shin ruwan da yarinyar ta isa gare shi da ƙafa shi ne wanda Alhaji Imam ya shafe shekaru yana nema? Mai cewa ɗaya ne yakan kafa hujja da cewa a duka biyun sai an jure wuya kafin a kai, kuma mai haƙuri ne ke dawowa da arziki. Mai musu yakan ce na tatsuniya wurin wanki ne, na littafi kuwa magani ne. Kowanne daga cikinsu, ko bai sani ba, yana nazarin alaƙar adabin baka da rubutacce.

Haka abin yake a Magana Jari Ce. An ajiye masarautar Sarki Abdurrahman a gabas, kusa da Sinari da Sirika, amma fadar da waziri da bayin sarki da gaisuwar fadawa duk na ƙasar Hausa ne. Wannan rashin daidaito tsakanin suna da kama shi ne giɓin, kuma shi ya sa ɗan Katsina yake iya ganin fadar garinsu a cikin labarin, ɗan Zazzau ma ya ga tasu.

3.2 Hasashen Gaskiyar Mai Labari

Ganɗoki da bakinsa yake ba da labarinsa. Kashin farko yana tsaye a kan tarihi, wato zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse da yaƙin da Turawa suka kai wa Kwantagora a 1901. Da jarumin ya nufi gabas tare da ɗansa Garba Gagare, sai labari ya koma na aljannu da dakaru marasa adadi. Ana iya karanta wannan sauyi ta fuska biyu. Ta farko, a ce duk ya faru a duniyar labarin. Ta biyu, a ce kashi na biyu zancen tsohon mayaƙi ne da bindiga ta fi ƙarfin takobinsa, yana rama wa zuciyarsa a ƙasar da babu mai ƙaryata shi. Masu fahimta ta biyu suna da hujja mai nauyi, domin nasarorin da suka fi girma sun zo ne daidai inda shaidu suka ƙare. Wanda ya karɓi wannan hasashe zai ga littafin ya zama bayani a kan raɗaɗin shan kaye, wanda marubuci ma'aikacin hukuma a 1933 ba zai iya faɗa kai tsaye ba.

Ruwan Bagaja ma ya buɗe irin wannan ƙofa. Alhaji Imam shi ne mai ba Koje Sarkin Labari tarihin tafiyarsa, kuma ta bakinsa kaɗai muka san Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Tun da Alhaji da kansa ya nuna gwanintarsa a damfara da ƙarya, mai karatu na da dalilin tambayar ko da Zurƙe ne ya ba da labarin, wa zai fito wawa.

3.3 Hasashen Fifiko

Wannan shi ne mafi yaɗuwa a tsakanin matasa: da Ganɗoki da Iliya za su haɗu a fage, wa zai kayar da wani? A zahiri tambayar yara ce, amma amsarta tana tilasta rarrabe tushen ƙarfi. Na Ganɗoki na horon yaƙi ne da taurin zuciya da asiri. Na Iliya baiwa ce da ta sauka wa wanda ya tashi ba ya iya tafiya, ta hannun baƙin da suka ziyarce shi. Masu muhawara sukan ƙare a kan wata tambaya ta daban, wato ko ƙarfin da aka nema ya kai wanda Allah ya bayar. Wannan kuwa magana ce ta falsafar Bahaushe a kan ƙoƙari da rabo.

4.0 Ƙarshen Iliya: Inda Tushe da Hasashe Suka Rabu

Sananne ne ga manazarta cewa Iliya Ɗan Maiƙarfi ya samo asali daga waƙoƙin jarumtaka na Rasha a kan Ilya Muromets. Birnin Kib shi ne Kiyef, Sarki Waldima shi ne Vladimir, Wargaji kuma shi ne ƙaton nan Svyatogor. A can ma jarumin ya shafe shekaru a zaune kafin matafiya masu ibada su warkar da shi, kuma a wasu ruwayoyin ya ƙare ne da zama dutse. Ta fuskar binciken tushe, tambayar da ke kan taken wannan maƙala ta sami amsa.

Sai dai amsar ba ta kashe muhawarar ba, domin mai karatu Bahaushe bai taɓa karanta littafin a matsayin na Rasha ba. Ya san Iliya mai ambaton Allah, mai biyayya ga iyaye, mai doki da ake kira Kwalele. A idonsa ƙarshen labarin yana da matsala. A almarar Hausa, wanda ya zama dutse yawanci wanda baki ya kama ne ko ya keta wata doka, kuma a tunanin Musulmi sauya halittar mutum alama ce ta azaba. Ga shi kuwa a nan jarumi ne na kirki ya roƙi hakan da kansa, shi da dokinsa, aka kuma amsa masa.

Ana iya warware wannan ta hanyoyi dabam-dabam, kuma kowace tana da madogara. Wani zai ce sakamako ne: mutumin da babu makamin da ya ci shi bai dace ƙasa ta ci shi ba. Wani zai ce tuba ce, domin jarumin ya zubar da jini mai yawa, ya kuma gaji da duniyar da sarakunanta ba su san darajar masu yi musu hidima ba. Wani kuma zai lura da zubin labarin: wanda ya fara rayuwa ba ya motsi ya ƙare ta ba ya motsi, ƙarfin da ke tsakani aro ne da aka mayar wa Mai shi. Wannan fahimta ta ƙarshe ba ta buƙatar sanin Kiyef ko kaɗan, amma ta fi kusa da abin da ya sa littafin ya zauna a zukatan ɗalibai.

A nan ne bambancin yake. Binciken tushe yana gaya mana inda iri ya fito. Hasashen masu karatu yana nuna irin ƙasar da aka shuka shi a ciki. Ayyuka irin na Ibrahim Malumfashi a kan tushen rubuce-rubucen Imam, da na Abdalla Uba Adamu a kan shigowar baƙin labarai cikin adabin Hausa, sun share fagen farko. Fage na biyu yana jiran masu shiga.

5.0 Daga Majalisa Zuwa Intanet

Adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, ya zo da reshen da masu karatu ke kira littattafan yaƙi. Aliyu Abubakar Sharfaɗi ya kawo hikayar Larabci ta Saifu bin Ziyazan da sunan Malikussaif, Abdul'aziz Sani Madakin Gini kuma ya shahara da dogayen labarai irin su Mazan Jiya da Kundin Tsatsuba. Abin da ya bambanta su da na farko shi ne fitowa kashi-kashi. Ana yanke labari a tsakiyar gumurzu, mai karatu ya yi jiran na gaba. Wannan jira sabon giɓi ne, kuma ya haifar da hasashen abin da zai zo: wa zai mutu, wane boka ne zai ci amana, ɗan wane ne jarumin.

Da labarai suka koma wayar hannu, ana tura su shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ana kuma karanta su da murya a YouTube, sai tazarar da ke tsakanin marubuci da mai karatu ta ragu ƙwarai. Imam ya gama littafinsa kafin kowa ya yi magana a kansa. Marubucin yau yana ganin kintacen masu karatu kafin ya rubuta babi na gaba, yana iya bin sa ko ya kauce masa da gangan. Wannan yana tayar da tambaya mai muhimmanci ga mai tarke game da wanda ya mallaki zaren labarin.

6.0 Kammalawa

An ga cewa hasashen masu karatu yana tsirowa ne daga giɓi, yana tsayuwa da hujjar matani, kuma yana bayyana ma'aunin da al'umma ke auna jarumtaka da gaskiya da ƙarshen kirki. Rauninsa shi ne ba ya daɗewa. Na majalisa yana tashi da tashin majalisa, na waya yana ɓacewa idan an rufe zaure ko waya ta lalace. Dattawan da suka karanta Iliya da Ganɗoki a makarantun firamare na Kankiya da Kusada da Ingawa a shekarun 1960 da 1970 suna nan da ragowarsu, kuma abin da suka fahimta ba lallai ya zama irin na jikokinsu ba. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su ɗauki tattara wannan magana a matsayin aikin fage, kamar yadda aka tattara tatsuniya da karin magana, a rubuta ta da izinin masu ita, tare da shekarunsu da wurin da aka yi ta. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri yana iya farawa da tambaya guda, ya yi ta ga tsara uku a gari ɗaya: me ya sa Iliya ya zama dutse?