Mendi: Jirgin Da Ya Kai Sojan Nijeriya Lafiya, Ya Nutse Da 'Yan Afirka Ta Kudu

Ba kowa ne ya san cewa jirgin ruwan nan mai suna Mendi, wanda mutanen Afirka ta Kudu ke juyayinsa duk ran 21 ga watan Fabrairu, yana da alaƙa da ƙasar nan ba. Jirgin 'yan kasuwa ne na kamfanin Elder Dempster, an ƙera shi a Glasgow cikin 1905, kuma ya yi shekaru yana jigilar kaya da fasinja tsakanin Liverpool da Ikko.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya yi tsanani, sai Gwamnatin Ingila ta ɗauke shi haya cikin 1916. A ƙarshen wannan shekara ya kwashi wani sashe na sojan Nijeriya, waɗanda da yawansu Hausawa ne, ya sauke su lafiya a Darussalam don su yaƙi Jamusawa.

Daga nan ya ɗauki mutum 823 na rundunar leburorin Afirka ta Kudu daga Cape Town zuwa Faransa. Ya yada zango a Ikko, inda aka ɗaura masa igwa. Ran 21 ga Fabrairu, 1917, wajen ƙarfe biyar na asuba, cikin hazo mai kauri kusa da tsibirin Wight, wani jirgin Ingila mai suna Darro, wanda ya kusa ninka shi uku a girma, ya sare shi a gefen dama. Kafin rabin sa'a Mendi ya nutse, mutum 646 suka halaka.

Kyaftin Henry Yardley, wanda ya tsira, da sauran waɗanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo, sun ba da shaida gaban kwamitin bincike a London. Abin da suka tuna shi ne jirgin ya karkata nan da nan, har wasu kwale-kwalen ceto suka ƙi saukuwa. Mutane suka yi ta faɗawa ruwa cikin duhu, galibinsu ba su taɓa ganin teku ba sai a wannan tafiya. Da yawa sun sami abin kamawa, amma sanyi ya kashe su suna jiran taimako.

Taimakon kuwa bai zo daga Darro ba, domin bai saukar da ko kwale-kwale ɗaya ba. Jirgin yaƙi mai suna Brisk ne ya tsamo mutane. Kwamitin ya ɗora laifi kan Kyaftin Henry Stump na Darro, amma hukuncinsa bai wuce dakatar da lasinsa na shekara guda ba. Har ila yau, baƙaƙen fatar Afirka ta Kudu na wannan runduna ba a ba su lambar yaƙi ba.

Sai cikin 2018, watau bayan shekara 101, Firayim Minista Theresa May ta miƙa ƙararrawar Mendi ga Shugaba Cyril Ramaphosa a Cape Town, garin da mamatan suka baro.