Wa Ya Ce Mai Bilicin Ba Ta San Illarsa Ba?

Abin ya tashi daga kan 'yan mata da zawarawa, yanzu ya gangaro kan jarirai. Akwai uwar da za ta duba kunnen jaririyarta, ta ga alamar za ta yi duhu, sai ta aika a haɗo mata mai, tun ba a yi arba'in ba ta fara mulke ta da shi. Ga amare da ake tsarewa a ɗaki da sunan gyaran jiki, a haɗa musu man bilicin da maganin ƙiba na "sha ka fashe", wai don kada dangin miji su raina. Duk ranar da irin wannan labari ya fito, bakin mutane ɗaya ne: jahilci ne, a wayar musu da kai. Wannan amsa ta ishe ni. Shekara nawa ana wayar da kan, masu haɗa mai kuwa ba su rasa ciniki ba?

A jami'o'i akwai wani reshe na ilimin halayyar ɗan Adam da ya shafi lafiya, wanda malamai irin su Michael Murray da Kerry Chamberlain suka yi fice a kansa. Masu wannan fanni ba sa tsayawa ga abin da ke cikin kan mutum shi kaɗai. Sukan tambayi wa ya kafa ma'aunin, wa ke cin riba, wa ke biyan farashi da jikinsa. Cikin abubuwan da suke nazari har da yadda mutum ke kallon surarsa a zuci, da dalilin da ya sa nauyin ya fi sauka a kan mata.

To, mu koma ga batun jahilci. Mai bilicin ta fi mai yi mata wa'azi sanin man nan. Ta san yana barin gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, shi ya sa ta sayi wani man daban na yatsu. Ta san yana ƙona kunci, yana fito da jijiyoyi, yana kawo nankarwa a damtse da cinya, domin ta gani a jikin yayarta ko maƙwabciyarta. Cikin masu shafawa akwai ɗaliban jami'a, akwai ma'aikatan banki, har da ma'aikatan asibiti waɗanda suka karanta aikin ƙoda a aji. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo alƙaluman da ke cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da man ƙara hasken fata. Ana iya jayayya da adadin, tunda tushensa bincike ne a tsakanin 'yan kasuwa a Legas, amma ko an rage rabi, jahilci kaɗai ba zai tara wannan taro ba. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta bi sahu a 2016, hukumar NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan bilicin a 2023. Gargaɗi dai an yi shi har an gaji.

Gaskiyar magana, lissafi take yi. Ciwon ƙoda sai bayan shekaru, wataƙila ma ta tsira. Amma "kai, kin yi kyau, kin yi haske" yau za ta ji shi a gidan biki. Ta girma tana jin samari suna cewa fara ko mayya ce. Ta ga an zo neman auren ƙanwarta fara an tsallake ta. Ta ga mai shago ya ɗauki farar ya ajiye a gaban kanta. Idan al'umma tana biyan lada a kan hasken fata kullum safiya, sannan ta juyo tana zagin wadda ta je neman hasken, wa ya kamata a fara yi wa faɗa?

Masu bincike sun daɗe da gano yadda wannan kallo ke shiga jiki. A 1997 Barbara Fredrickson da Tomi-Ann Roberts, a Amurka, suka yi bayanin cewa yarinyar da aka saba auna ta da ido takan koyi kallon kanta da idon mai kallo, ta zama mai gadin jikinta dare da rana. A 1998 suka gwada: aka sa wasu ɗalibai su saka kayan ninƙaya, wasu rigar sanyi, kowa shi kaɗai a ɗaki gaban madubi, aka ba su jarrabawar lissafi. Matan da ke cikin kayan ninƙaya suka fi samun ƙarancin maki, mazan kuwa abin bai taɓa su haka ba. Babu wanda ke kallonsu, amma hankali ya riga ya rabu biyu. Ku yi tunanin 'yar sakandaren da ke zaune a aji tana ɓoye yatsunta cikin hijabi.

Kuma ma'aunin nan na kyau mutane ne ke ƙera shi. A tsibirin Fiji, inda a da ake son mace mai jiki, talabijin ya isa yankin Nadroga a 1995. Anne Becker ta jami'ar Harvard ta binciki 'yan matan makaranta a lokacin, ba ta sami ko ɗaya mai jawo amai don rage ƙiba ba. A 1998 sun kai kusan kashi 11 cikin ɗari. A nan kusa da mu kuwa, Rebecca Popenoe ta zauna da Larabawan Azawak a Nijar, ta rubuta a littafinta na 2004 yadda ake ɗura wa yarinya madara da kunun gero tun ta fara famfara don ta yi ƙiba. Can ba talabijin ya kawo ba, tsofaffin matan gida ne ke riƙe da ƙwaryar. Mu kuma mun haɗa wa 'ya'yanmu duka: ki yi fari, ki ciko, amma ban da tumbi. Mulkin mallaka, finafinan Indiya da na Kannywood, da manhajojin gyara hoto duk sun sa hannu.

Saboda haka gyara daga bakinmu zai fara. A daina yi wa yaro laƙabi da launinsa, ko da wasa ne, ko da kaka ce ke jan jikarta. Mai zuwa barka ta yi addu'a ta ajiye abin da ta kawo, ta bar duba kunne da cewa "Allah Ya sa ta ɗauko hasken babanta." Uba ya yaba wa 'yarsa tun tana ƙarama, a kan surarta yadda take da kuma abin da ta iya, kada yabo na farko da za ta ji ya fito daga bakin saurayi. Ango ya duba mayukan da aka zuba a lefe da kuɗinsa. Malam, kai da ke tsine wa masu bilicin a majalisa, duba hotunan da kake yabawa a wayarka. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin launuka cikin ayoyin Allah. Masu wa'azi su karanta wa maza ita ma, ba mata kaɗai ba. A makarantu kuma, tsarin da Eric Stice ya gwada a Amurka ya nuna cewa idan 'yan mata da kansu suka tsaya suna kawo hujjar rushe ma'aunin kyau, abin yana tasiri a kansu. Malama za ta iya shirya irin wannan muhawara ba tare da kashe ko sisi ba.

Wadda ta riga ta fara kuwa, gori ba zai dawo da ita ba, sai dai ta koma shafawa a ɓoye. A zauna da ita a duba jikin kwali. Idan an ga hydroquinone, shi ne mai barin baƙin tabo mai wuyar gogewa idan an daɗe a kansa. Clobetasol da betamethasone magunguna ne masu ƙarfi da ke sirantar da fata, su buɗe ƙofa ga makero da ƙuraje, su iya tayar da hawan jini da ciwon suga. Zaiba, wadda ake rubutawa mercury, tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma isa ga ɗan tayi da mai shan nono, sau da yawa ma ba a rubuta ta. Man haɗi da ba shi da suna ko lamba, a ɗauka komai na iya kasancewa a ciki. Jariri kuwa fatarsa ta fi ta babba zuƙar magani, don haka nasa a daina yau, a kai shi asibiti.

"Sha ka fashe" yawanci dexamethasone ne, kumburin fuska da tara ruwa yake kawowa ana kiransa ƙiba. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke lokaci guda, domin jiki ya rage sarrafa nasa sinadarin, yankewar na iya jefa ta cikin hatsari. Likita ne zai rage mata a hankali. Mai barin man shafawa ta sa ran ƙaiƙayi da duhu na ɗan lokaci, ta guji zafin rana, ta nemi likitan fata a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika. Mai ciki, da duk wadda za a yi wa tiyata, ta faɗa wa likita abin da take shafawa da tsawon lokacin da ta yi a kansa, domin fatar da ta sirance tana wahalar riƙe ɗinki.